Yaƙin Agwagi da Tanderun Bappa Jamus

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta Inugu a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ya san Bappa Jamus. In bai san fuskarsa ba, to haƙoransa sun san burodinsa. Burodi ne baƙi-baƙi, mai ɗan tsami, mai nauyin tsiya. Masu haƙar kwal rububinsa suke yi, don in mutum ya ci guda da safe sai la'asar yake tuna yana da ciki. Matan kasuwar Ogbete kuwa cewa suke in ɓarawo ya faɗo rumfa ba sai an wahala neman dutse ba, a miƙo na Bappa kawai. Shi ko a jikinsa. Dogo ne siriri, haƙoran da suka rage masa ba su taka kara sun karya ba, amma duk unguwar ba wanda ya kai shi nuna su.

A wani ƙauye na tsaunukan Adamawa aka haife shi, zamanin da Jamusawa ke riƙe da Kamaru. Yana tashen samartaka aka kwashe shi dakon kayan sojojinsu. Daga dako ya zame ya faɗa kicin ɗin wani hafsa mai jan wuya, wanda ko ruwa zai sha sai ya nemi burodi. A nan ya koyi haɗa fulawa da garin dawa, da ajiye tsohon kwaɓi don ya tayar da sabo. Ana cikin haka yaƙin duniya ya zo, aka ci Jamus. Waɗanda suka yi nasara suka zauna can Turai suka tsara sulhu su kaɗai, sai da suka gama sannan suka kira wanda aka kayar suka nuna masa wurin sa hannu. Aka ƙwace masa ƙasashen da yake mulka, aka rage masa soja, aka ɗora masa laifi da tara. Kamaru kuwa, Ingila da Faransa suka raba ta a tsakaninsu.

Bappa bai san an yi wannan zama ba sai da ya iso bayan gidansu. Iyakar da aka ja ta bi rafin ƙauyen: gidaje suka faɗa hannun Ingila, gonaki da maƙabarta suka koma na Faransa. Mutum ya yi noma a wata ƙasa ya kwana a wata, kowace kuma ta ce nata ne. Ba a jima ba dangi suka watse, wasu suka bi gona, wasu suka bi gida, wasu suka bi duniya.

"Ni fa ban harbi kowa ba," in ji Bappa duk lokacin da ya samu mai saurare. "Kwaɓi nake yi. Amma da suka tashi yanka sulhunsu, ta tsakiyar gonar ubana wuƙar ta bi." Sai ya fashe da dariya har da dukan cinya, kai ka ce labarin wani yake bayarwa.

Ya rufe tsohon kwaɓinsa a ƙwarya ya biyo Binuwai. Ya gasa burodi a Anaca, a can ya yi aure, matar ta rasu ba su samu haihuwa ba. Ya gasa a bakin tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, sauro ya koro shi. Daga ƙarshe ya yada zango a Inugu, a wani gidan haya kusa da Ogbete, ya gina tanderu da jar ƙasa a tsakar gida da hannunsa. Da yaƙi na biyu ya ɓarke ya bi unguwa rumfa-rumfa yana cewa ai shi ya faɗa, wanda aka yi wa sulhu a bayan idonsa dawowa yake yi. Da aka fara tsokanarsa cewa wannan suna nasa zai sa a kama shi, sai ya sauya wa burodin suna, ya koma "na Sarkin Ingila". Burodin dai bai sauya ba, ko taushi bai ƙara ba.

Mutumin da ba shi da kowa, gidan hayar nan ya zama danginsa, mata biyu kuma su suka riƙe shi. Hajaratu, bazawara Bakatsiniya mai sayar da tuwo a Ogbete, ita ke zuba masa abincin yamma, tana zubawa tana yi masa faɗa wai ya rame don ya ja mata magana. Dina kuwa 'yar Kagoro ce, mijinta Kure yana zuba wa jirgin ƙasa kwal a hanyar Fatakwal, ya fi kwana a hanya bisa gida. Ita ke wanke wa Bappa kaya, ta ɗinke masa aljihu, 'yarta Irene ta kira shi Kaka. Burodin farko da ya fito daga tanderu kowace safiya biyu yake raba shi, rabi nan rabi can. Ba abin da Bappa ke tsoro a duniya kamar a ce masa ya zaɓi ɗaya a cikinsu.

Rana ce ta haɗa su faɗa. Wanda bai yi damina a Inugu ba ba zai gane ba. Sai sama ta yi ta tsiyaya ba ji ba gani, in rana ta leƙo kuma kowa ya fito da shanyarsa a guje. A gidan wuri ɗaya take sauka sosai, wani dandamalin siminti kusa da famfo. Ran nan Hajaratu ta shanya yankakkiyar kuɓewarta ta shiga wanka. Agwagin Dina, da babban namijinsu mai jar fuska da ake kira Saje, suka yi jerin gwano suka hau dandamali. Abin da ba su ci ba suka tattake, abin da ba su tattake ba suka yi masa abin da agwagwa ta saba.

Hajaratu ta fito da ɗaurin ƙirji ta ga aika-aika. Ta suri muciya ta bi Saje, Saje ya shige ɗakin Dina, muciya ta bi shi ta sama ta fasa tulu. Dina ta fito da tsintsiya. Daga nan abu ya zama yaƙi na sosai: yau a watsa ruwan wanke-wanke a ƙofar wannan, gobe a tsinke igiyar shanyar waccan, ga habaici safe da yamma, da Hausa da Turancin kasuwa. Sai dai ƙarfi bai zo ɗaya ba. Rabin gidan tuwon Hajaratu suke ci, kowa kuma ya san inda cikinsa yake. Dina ta tsaya ita kaɗai da agwaginta, miji yana hanya. Ranar da Saje ya cafke wa Malam Indabawa ƙafar wando yana tsakiyar alwala, kowa ya san an ci Dina da yaƙi.

Malam Indabawa dillalin fatu ne, shi ne wakilin mai gida, kuma ya fi son yanke shari'a bisa cin abinci. Ya sa zama ranar Lahadi da hantsi, lokacin da ko jariri ya san Dina tana coci. Bappa ya baro tanderu da gari har gwiwar hannu.

"Malam, ina mai agwagin?"

"Bappa, in tana nan hayaniya za a yi. Mu gama sai a faɗa mata."

"Haka fa aka yi wa mutanen ubangidana mai jan wuya. Ka ga inda abin ya kai duniya."

"Kai dai da Jamus ɗinka! Maganar agwagi muke yi, Bappa."

Aka yi dariya. Bappa ma ya taya su, don bai iya ganin ana dariya ya ƙi ba, ya samu wuri ya zauna. Aka ci gaba.

Dina ta dawo da farin ɗankwalinta tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ta tarar an gama komai ana jiranta. Malam Indabawa ya gyara murya ya zayyana mata. Agwagi ba za su wuce biyu ba, kuma ban da namiji. Duk ƙwan da suka saka na Hajaratu ne har kakar kuɓewa ta zagayo. Za ta tsaya a gaban jama'a ta ce laifin nata ne tun daga farko. Sannan za a kafa zana a raba tsakar gida, famfo da dandamali su zauna wajen Hajaratu, ita ta riƙa ɗibar ruwa a famfon bakin titi.

"Malam, ba a tambaye ni ba fa," in ji Dina. "Tuluna da aka fasa fa?"

"Maman Irene, ki amsa kawai a zauna lafiya. In ba haka ba, sai in kai wa mai gida maganar, kin san kuma notis zai bayar."

Ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, har da ta Bappa. Ta faɗi abin da aka ce ta faɗa ba ta ko ƙifta ido ba. Da ta kai bakin ƙofarta ta juyo ta ce da Turancin kasuwa, "Una go si," wato za ku gani, ta saki labule.

Da aka zo kafa zana, Malam Indabawa ya ja layi da sandarsa daga bakin zaure har katangar baya, yana tafe yana kallon sama kamar mai duban wata. Layin ya bi ta kan tanderun Bappa. Bakin tanderu ya faɗa wajen Dina, ƙofar ɗakin Bappa da kwamin kwaɓinsa suka zauna wajen Hajaratu. Masu aiki suka kawo zana ta kowane gefe suka jingina ta da tanderun suka ɗaure. Bappa ya tsaya yana kallo, sai dariya ta kama shi, ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa.

"Sau biyu! Jama'a, sau biyu a rai ɗaya! Ni wai me na tsare wa masu sulhu ne?"

Kowa ya ɗauka raha ce irin tasa. Shi kuwa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan layi.

Tun daga ranar, in zai gasa burodi sai ya ɗora farantan kwaɓi a ka, ya fita ta zaure, ya zaga ta layin masu gyaran keke, ya shigo ta ƙofar baya, tsoho da gwiwa mai ƙara, ruwa na dukansa. Masu gyaran keke suka samu abin yi, kullum sai sun tare shi sun ce ya nuna fasfo. Wannan duk mai sauƙi ne. Hajaratu ta fara shinshinar rigarsa.

"Bappa, sabulun wa nake ji? Wato ka ci tuwona ka je ka ba da wanki can?"

Dina kuma ta riƙa dawo masa da rabin burodinta.

"Baba, kai wa mutanenka. Kana zaune aka yanke mini."

Wannan magana ta soke shi, don gaskiya ce. Yana zaune, har da dariya.

Ƙwan da Dina ke aikawa kuwa, Allah ya kiyaye. Ranar da Hajaratu ta fasa ɗaya a kasko sai da aka kwashe tabarmi aka koma bakin titi don wari. Saje da aka ce an sayar, Bappa ya riƙa jin hucinsa daga ƙarƙashin gadon Dina duk lokacin da ya zo hura wuta, kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai ƙananan muryoyi birjik. Runduna ake kiwo. Wata safiya ya tarar da Dina tana ninke zannuwa a akwati. Ta ce da Kure ya dawo za su nemi ɗaki a Diyobu ta Fatakwal su koma, amma kafin ta bar gidan sai ta saki agwagin nan kaf a kan shanyar Hajaratu. Da yammacin ranar Hajaratu ta dire masa kwanon tuwo ta ce ta gaji, daga gobe ya zaɓa, ko nan ko can.

Ya je wurin Malam Indabawa, Malam ya ce masa shari'a ta riga ta wuce. Ya roƙi wannan, ya roƙi waccan, kowace ta ce ɗayar ta fara. Sai ya zauna a gindin tanderu ya yi tunani irin na tsohon kuku. A iya zamansa da sojoji ya lura da abu ɗaya: mutum biyu da ba sa ga maciji, in na uku ya zo ya tsokane su tare, sukan ajiye tasu. Ya duba gidan kaf bai ga wanda zai zama na ukun ba sai shi.

Washegari da sassafe, kafin kowa ya fita, ya hura tanderu har ya yi ja. Ya lallaɓa ya sure kwandon busasshen barkonon Hajaratu. Ya zaga ta layin masu keke ya kwashe gashin agwagin da Dina ke tarawa don matashin kai. Ya haɗa duka ya watsa a wuta, ya ɗora ɗanyen ganyen ayaba a kai, ya ɗaure hanci da tsumma. Sannan ya hau turmi ya ƙame kamar yadda ya ga hafsa yana yi, ya shiga ƙwala 'yan kalmomin Jamusancin da suka rage masa, waɗanda duk sunayen kayan kicin ne.

Hayaƙin bai nemi izinin zana ba. Ya turnuƙe nan, ya turnuƙe can, ga yaji ga ƙaurin gashi. Gida ya ɗauki tari da atishawa. Malam Indabawa ya fito da hula a hannu yana salati yana atishawa, bai kai ƙarshen ko ɗaya ba. Ƙofar Dina ta buɗe, agwagi suka ɓarko, Saje a gaba.

"Barkonona!" Hajaratu ta ƙwalla daga can.

"Gashin matashina! Wetin bi dis? Baba ya haukace!" in ji Dina daga nan.

To ga inda lissafin Malam Indabawa ya nuna kansa. Famfo yana wajen Hajaratu, wuta tana wajen Dina, manyan bahunan wanki ma na Dina ne. Hajaratu ta buɗe famfo ta rasa abin tara, Dina ta ɗauko baho ta rasa ruwa.

"Maman Irene! Miƙo baho!"

"Ta ina, Yaya? Zanarku ta tare!"

"Ture ta mana, don Allah!"

Wannan ta ja, waccan ta tura, zana ta kwanta gaba ɗaya, kuma a kan Malam Indabawa ta kwanta. Suka cika baho suka kinkima tare, suna tari suna zagin Bappa baki ɗaya. Shi kuwa yana bisa turmi yana taka rawa yana karkaɗa kafaɗa, daɗi ya kusa kashe shi, don rabonsa da jin muryoyin nan biyu a kan magana ɗaya tun kafin maganar kuɓewa.

Abu ɗaya ne bai lissafa ba. Ya zaci shi za su sheƙa wa ruwan, ya janye wutar da kansa a tsanake. Da ya ga sun wuce shi sun nufi bakin tanderu, ya diro daga turmi yana ɗaga hannu.

"A'a! Ku tsaya! Ba a zuba wa..."

Sun riga sun juye. Ruwan sanyi ya haɗu da jar ƙasa mai zafi, aka ji ƙara, tsaga ta bi doron tanderu daga baki har baya, ya ɗan tsaya kamar yana shawara, sannan ya rufta. Tanderun da Bappa ya gina tun kafin yaƙi na biyu ya zama tulin laka mai tururi.

Ana ta atishawa jefi-jefi. Bappa ya durƙusa ya taɓa ɓaraguzan, ya ƙone yatsa ya janye. Zuciyarsa ta karye, ba wasa. Ya san gwiwarsa da bayansa ba za su sake gina irinsa ba. Malam Indabawa ya rarrafo daga ƙarƙashin zana da kara a gemu, ya ce wannan ta'asa sai an zauna a kanta yanzu-yanzu, a fitar da Bappa waje tukuna har a yanke.

"Ba inda za shi," in ji Dina.

"A gabansa za a yi, Malam," in ji Hajaratu tana goge ido da gefen zane. Sai ta ɗan juya wajen Dina ba tare da ta dube ta ba. "Tulun nan naki, na ga irinsa a Ogbete. Gobe in taho da shi."

Aka shimfiɗa wa Bappa tabarma a tsakiyar gida, a daidai inda layin ya bi. Aka yanke masa zai tsinke wa Hajaratu barkono har ya mayar da kwandonta, zai fige wa Dina gashi har matashinta ya cika, kuma an hana shi Jamusanci sai ranar Sallah da Kirsimeti. Ya amsa duka. Aka tambaye shi ko yana da magana. Ya ce ɗaya ce: kada a sake tayar da zanar nan. Malam Indabawa ya buɗe baki, matan biyu suka dube shi, ya mayar ya rufe. Kafin azahar an yayyanka zana an yi wa Saje da rundunarsa akurki da ita.

Da la'asar Bappa yana nan zaune bai tashi ba, yana kallon tulin lakar. Sai ga kwano biyu sun iso a tare. Hajaratu ta dire tuwon shinkafa da miyar kuka, Dina ta dire paten acca mai yakuwa. Ba wadda ta koma. Suka tsaya a kansa, kowace hannu a ƙugu, suna jiran su ga wanda zai fara taɓawa. Bappa ya dubi wannan kwano, ya dubi wancan. Sai ya ɗauki na Dina ya juye a cikin na Hajaratu, ya sa hannu ya cakuɗa.

"Bappa! Ka ɓata mini miya!"

"Baba, wa ke cin pate haka?"

Gaskiya abin ba daɗi, tsami ya haɗu da yauƙi. Ya yi loma, ƙonannen yatsan a miƙe, ya haɗiye, ya sake yi. Hawaye suka zubo masa bai ɓoye ba. Kukan tanderunsa yake yi, kuma murna yake yi, ya kasa raba su, yana ci yana kuka yana nuna 'yan haƙoransa. Matan suka zauna, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa, suna gardama a kan wadda girkinta ya lalata na ɗayar, ba su tashi ba sai da ya suɗe kwanon.

Dina ta fito da zannuwanta daga akwati, maganar Diyobu ta mutu. Bappa bai sake gasa burodi ba. Amma har ya bar duniya, 'yan shekaru bayan an sauke tutar Turawa, a tsakiyar gidan nan yake cin abincinsa, kuma ba wanda ya sake tambayarsa shi na wane ɓangare ne.